Fina-finan tsoro na watan Oktoba: da wane ma'auni za mu ba su maki?

Mai Majigi:
Assalamu alaikum jama'a. Oktoba ya kama. A Amurka da Ingila wannan ne watan da ake baje kolin fina-finan tsoro har zuwa daren 31 ga wata, wanda suke kira Halowin. A lokacin ne kamfanoni ke sakin sababbi, dandalolin kallo kuma su tono tsofaffi. Masu bibiyar harkar a can suna da al'adar kallon fim 31 a cikin watan, kowa yana ba da maki. Tunda fina-finan sun samu, mu ma za mu bi jerinmu. Damuwata ita ce makin. Wani zai ba fim 9 saboda ya zabura sau biyar, wani ya ba shi 3 saboda labarin bai kama hankalinsa ba. In aka haɗa aka raba a samu 6, kuma 6 ɗin nan ba ta gaya wa kowa komai game da fim ɗin. Mu tsayar da ma'auni kafin mu fara.

Ɗan Edita:
Wa alaikumus salam, shugaba. Abu na farko, a raba zabura da fargaba, don ba hanya ɗaya ake samar da su ba. Zabura aikin daƙiƙa ɗaya ne: a rage sauti har ya kusa ɗaukewa, a ja idon mai kallo zuwa gefe ɗaya na allo, sannan a jefo abu daga ɗaya gefen tare da ƙara. Jiki ne ke amsawa, ko fim ɗin na kirki ne ko na banza. Dabarar ta tsufa. A Cat People na 1942, wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare, takun da ke bin ta ya ɗauke, shiru ya yi tsawo, sai kawai motar bas ta shigo allo da ƙarar birki. Babu dodo, amma kowa sai ya motsa a kujerarsa.

Fargaba kuwa gina ta ake yi a hankali, kuma ita ce mai wuya. A Halloween na John Carpenter, 1978, mai kisan yakan tsaya can nesa a bayan shinge ko tsakanin kayan shanya da rana tsaka. Kai ka gan shi, wadda yake bi ba ta tabbatar da abin da ta gani ba. Daga nan idonka ba zai sake hutawa ba, kowane lungu na hoton sai ka bincika shi. Duk ma'aunin da ya ba waɗannan biyun nauyi ɗaya ya zalunci masu aiki na gaske.

Ƙaramin Ɗalibi:
Yaya Edita, to zabura laifi ce ke nan? Ni a ganina in fim bai sa na zabura ba ai bai yi aikinsa ba.

Ɗan Edita:
Ba laifi ba ce ƙanena, sai dai a duba ko an biya kuɗinta. Nemi The Exorcist III na 1990, fitowar farfajiyar asibiti. An kafa kamara daga nesa, ba ta motsi, ma'aikaciyar jinya tana kai da kawo, masu gadi suna shiga suna fita, an ɗauki mintuna ana haka har hankalinka ya kwanta. Sai abin ya faru cikin ƙiftawar ido. Wannan zabura ce da aka yi wa tanadi. Wadda ba a biya kuɗinta ba ita ce kyanwa ta faɗo daga kabad, ko aboki ya dafa kafaɗar jarumi daga baya da kiɗa mai fasa kunne. In fim ya yi irin wannan sau uku kafin rabin awa, mai kallo ya gane wasan, abin da zai biyo baya ba zai ƙara cin sa ba.

Anti Mai Lissafi:
Ga shawarata a kan maki 10. Fargaba 3. Zabura 1, kuma wadda aka yi wa tanadi kaɗai ake ƙirgawa. Sana'a, wato sauti da haske da yankan hoto, 2. Labari da wasan 'yan fim 2. Ragowar 2 kuma na abin da ya biyo ka har washegari: shin akwai hoto ko sauti da ya dawo maka kana tsaka da wani aiki? Saboda wannan kason na ƙarshe, kada kowa ya turo makinsa a daren da ya kalla. A kwana tukuna. Da dare jini na kan akaifa, fim mai hayaniya zai kwashi makin da bai cancanta ba, mai sanyin tafiya kuma a danne shi.

Sannan kada mu haɗa mu raba. A jera makin kowa daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. In mutum bakwai sun ba da 2, 6, 7, 7, 8, 8, 9, na tsakiya 7 ne, kuma mai 2 ɗin nan bai ja kowa ƙasa ba. In tazarar da ke tsakanin ƙarami da babba ta wuce 5, a rubuta a gefe cewa fim ɗin ya raba kan jama'a. Wannan bayanin ya fi lambar kanta amfani ga wanda bai kalla ba.

Sarkin Sauti:
Anti, ban yarda da 2 ga sana'a gaba ɗaya ba. Sauti kaɗai ya ci 2. Ku kashe murya ku kalli fitowar banɗaki ta Psycho na 1960, za ku ga rabin ƙarfinta ya tafi. Bernard Herrmann da kayan kiɗa masu tsirkiya kaɗai ya yi kiɗan fim ɗin baki ɗaya, kuma wannan ƙara mai kama da kururuwa ita ke sa ka ji saran, alhali da ƙyar ake nuna wuƙar ta taɓa jiki. Kiɗan Halloween kuwa Carpenter da kansa ya yi, kuma a kan bugu biyar yake tafiya maimakon huɗu da kunne ya saba, shi ya sa ba ya zama daram a zuciya. The Exorcist na 1973 ya shiga takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a rukuni 10, ya ci 2, ɗaya daga ciki na sauti ne.

Anti Mai Lissafi:
Na ji ka, Sarki, amma in aka ba sauti 2 daban, fim mai kyan kiɗa zai ci sau biyu, don kiɗan ne ya gina fargabar da muka riga muka ba 3. A bar shi a 2 ɗin, sai dai a ce ɗaya na kunne, ɗaya na ido.

Sarkin Sauti:
Na amince da sharaɗi ɗaya: wanda ya kalla da sifikar waya ba zai ba da makin kunne ba. Ƙaramar sifika ba ta iya fitar da gurnanin ƙasa-ƙasa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fitowa, wanda ba ka lura da shi amma ƙirjinka yana ji. Ko abin kunne mai araha ya fi ta nesa ba kusa ba. Masu talabijin kuma su shiga saitin sauti su kashe abin da ke daidaita ƙarfin murya, wanda wasu na'urori ke kira yanayin dare. Aikinsa ya ɗaga shiru ya danne ƙara, ya mai da su kusan ɗaya, kuma fim ɗin tsoro a tazarar da ke tsakanin su biyun yake rayuwa. A Quiet Place na 2018 kusan gaba ɗayansa a kan wannan tazarar aka gina shi. Ga janareta yana ruri a bayan taga, ga fanka a lamba biyar, me ya rage na shirun? A jira wuta ko a yi amfani da abin kunne.

Mai Gyaran Talabijin:
Tunda an zo saiti, bari in ƙara na hoto, don a nan ake kashe fina-finai da yawa ba da sani ba. Talabijin yakan zo daga shago a saitin nuni, mai haske da kaifin launi don ya ja hankalin mai saye. A sauya shi zuwa saitin sinima, ko Filmmaker Mode in akwai. A kashe abin da ke santsar da motsi. Fim hoto 24 yake da shi a daƙiƙa, talabijin sai ya ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani, sai komai ya koma kamar wasan kwaikwayo na situdiyo, kwalliyar dodo ta fito fili a matsayin roba.

Babbar matsala ita ce baƙi. Akwai wurin da fuskar mai kisan Halloween ke fitowa a hankali daga duhun ƙofa a bayan jarumar. Mai ɗaukar hoton, Dean Cundey, da fitila mai ƙaruwa kaɗan-kaɗan ya yi shi. In saitin hasken allonka ya yi sama, za ka gan shi tsaye tun kafin lokaci. In ya yi ƙasa, ba za ka gan shi ba sam. Yadda ake gyarawa: a dakatar da fim a fitowa mai duhu, a rage haske har baƙin hoton ya yi daidai da baƙin layukan sama da ƙasa, sannan a ɗaga shi mataki ɗaya ko biyu har ka fara ganin ninkin tufafi mai duhu. A kashe fitilar da ke fuskantar allo. In duhu gaba ɗaya yana gajiyar da ido, a sa ƙaramar fitila a bayan talabijin tana haska bango.

Kuma kada a ja hoto ya cika allo. Halloween faffaɗan hoto aka ɗauka, kuma a gefunan ake ajiye barazanar. Wanda ya buɗa yatsu biyu a waya don ya kawar da baƙin layi, gefunan ya yanke.

Ƙaramin Ɗalibi:
Baba Mai Gyara, matsalarmu data ce. Yawancinmu ƙaramin kwafi muke samu, mega 300 ko 400.

Mai Gyaran Talabijin:
Na sani ɗana, amma ka san abin da kake sayarwa. Idan aka matse fim, wurare masu duhu ne ake fara sadaukarwa, su koma dunƙule-dunƙulen toka masu rawa. A fim ɗin barkwanci babu asara. A Hereditary na 2018 akwai fitowar ɗakin kwana da wani abu yake a kusurwar sama cikin duhu, an bar ka ka gano shi da kanka. A kwafin mega 300 wannan kusurwa tabo ce kawai. Ga fim mai minti 90 zuwa 100, a nemi abin da ya kai giga ɗaya ko kusa. In data ba ta kai ba, gara a rage yawan fina-finan da a rage ingancinsu. Wanda kuma ya kalli kwafin da aka ɗauka da kamara a cikin sinima, ko wanda mai fassara ya ɗora murya a kai ya cike duk wani shiru da bayani, ya ji daɗinsa, amma kada makinsa ya shiga lissafi.

Malamin Tarihi:
Ina da tambaya a kan tsofaffin fina-finai, don a nan ma'aunin Anti zai iya yin tuntuɓe. Nosferatu na 1922 ba zai hana ɗan yau barci ba. Night of the Living Dead na George Romero, 1968, shi ya kafa siffar gawa mai tafiya tana cin mutane da kowa ke kwaikwaya har yau, amma wanda ya ga jikokinsa ɗari kafin ya gan shi zai ce ba wani sabon abu. In muka bi fargaba 3 da zabura 1, waɗannan za su faɗi, kuma faɗuwar ba ta adalci ba ce.

Ɗan Edita:
Malam, da girmamawa, ni ina ganin a bar su su faɗi in sun faɗi. Tambayar da makin ke amsawa ita ce, in na kunna shi yau da dare, zai yi aiki a kaina? Darajar tarihi wani abu ne daban. Kuma ba duk tsoho ne ya huce ba. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 har yanzu yana da zafinsa, kuma abin mamaki jinin da ake nunawa a ciki kaɗan ne ƙwarai. Mutane suna rantsuwa sun ga abin da ba a nuna ba. Ƙarar inji, ihu, zafin rana da ƙazantar gidan ne suka yi aikin.

Malamin Tarihi:
To a yi masa gurbi daban. Maki 10 ya tsaya yadda yake, sai a ƙara tauraro a gefen sunan duk fim ɗin da ya buɗe hanyar da wasu suka bi. Mai karatu ya ga 5 da tauraro, ya san me ake nufi. Akwai kuma darasi a The Thing na 1982. Ya fito makonni biyu bayan fim ɗin E.T. da ya mamaye kasuwa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, bai yi kasuwa ba, yau kuma yana cikin waɗanda ake ƙirgawa a sahun gaba. Saboda haka a bar ƙofa a buɗe: ranar 31 ga wata kowa yana da damar gyara maki biyu daga cikin waɗanda ya bayar.

Anti Mai Lissafi:
Wannan ya yi. Kuma don Allah kada kowa ya leƙa makin intanet kafin ya ba da nasa, musamman da yake mutane ba su fahimci lambobin ba. Kason da shafin Rotten Tomatoes ke bayarwa ba makin inganci ba ne, adadin masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi ne, ko da da ƙyar. Fim ɗin da kowa ya ce ba laifi zai iya samun 95, wanda rabi suka ce gwani ne rabi suka tsane shi ya samu 50. CinemaScore kuma 'yan kallon daren farko a Amurka ake tambaya suna fitowa daga sinima, a ba fim maki da harafi daga A+ zuwa F. Hereditary ya samu kusan 90 cikin 100 a wurin masu sharhi, amma D+ a wurin 'yan daren farko. The Witch na 2015 ya samu C-. Dalilin a fili yake: talla ta yi musu alkawarin zabura, suka tarar da fim mai tafiyar hawainiya da ƙarshe mai ɗaci. Abin da wannan lambar ta auna shi ne saɓanin talla da kaya.

Uwar Gida:
Ni bari in kawo abin da ba a taɓo ba. Na farko, Halowin biki ne na can, tushensa a tsohuwar al'adar mutanen Ailan da Sikotilan da kuma jajibirin wata ranar coci, 'yan ci-rani suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Ba namu ba ne, kuma ina fata shugaba zai fayyace cewa kallon fim muke yi a watan da suka wadata, ba biki ba. Na biyu, jini da tsiraici kada su shiga maki, amma dole a rubuta su a matsayin gargaɗi a ƙarƙashin kowane fim: babu, kaɗan, ko da yawa. Fina-finan masu kisa da wuƙa na shekarun 1980 cike suke da fitowar da ba za ka so ta same ka a falo ba.

Na uku, yara. Kada a dogara da harafin da ke jikin fim mai nuna shekarun da suka dace da kallonsa. Poltergeist na 1982 PG aka ba shi, wato yara za su iya kalla da kulawar iyaye, don a lokacin babu PG-13 mai gargaɗi a kan 'yan ƙasa da shekara 13, sai a 1984 aka ƙirƙiro shi, kuma akwai fitowar madubi a ciki da ba ta dace da yaro ba ko kaɗan. The Conjuring na 2013 kuwa R aka ba shi, wato na manya, saboda tsananin ban tsoro. Dokar mai sauƙi ce, sai yara sun yi barci, kuma da abin kunne.

Mai Majigi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, haka abin yake, kallo da sharhi kawai muke yi. Gargaɗin ya shiga, kuma a ƙara masa biyu: walƙiyar haske mai saurin ƙiftawa saboda masu farfaɗiya, da kamara mai girgiza irin ta The Blair Witch Project na 1999 da REC na 2007, wadda ke sa wasu jiri da tashin zuciya. Masu irin wannan su matsa nesa da allo, ko su tsallake.

Malamin Tarihi:
Maganar Hajiya ta tuno min da wani abin da zai karkatar da makinmu. Tsoro yana bin abin da mutum ya yarda da shi. The Exorcist ya girgiza Amurkawa a 1973 saboda limaman coci da shafar shaiɗan abu ne na cikin gidansu. Mu kuma fina-finan Turkiyya irin su Dabbe da Siccin, masu aljanu da sihiri da ruƙya, za su fi kama mu, ko da aikin kamararsu bai kai na wasu ba. Ba ƙarya ba ne tsoron, a ba shi cikakken makin fargaba in ya ci. Amma a yi hattara kada ya kwarara zuwa gurbin sana'a da na labari. Don gwaji, a haɗa ɗaya daga cikinsu da Under the Shadow na 2016 a mako ɗaya. Shi ma aljanu ne, a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, uwa da 'yarta a bene da maƙwabta ke ta gudu suna bari. Abin tsoron iri ɗaya ne, sai a ga bambancin hannu.

Ƙaramin Ɗalibi:
To 31 ɗin za mu yi, shugaba?

Mai Majigi:
A'a. Fim 31 a kan minti 100 ya haura awa 50, data kuma ta haura giga 30. Ban da haka, wanda ya jera su kullum, kafin tsakiyar wata jikinsa ya daina amsawa, sai fina-finan ƙarshe su sha makin gajiya. Za mu yi 12, uku a mako, kuma ba za a jera iri ɗaya biyu a jere ba. Gajeru a ranakun aiki: REC bai kai minti 80 ba, Under the Shadow 84, Halloween 91. Dogaye a ƙarshen mako: The Wailing na Koriya ya haura awa biyu da rabi, kuma ba ya jure a raba shi gida biyu. A kalli kowanne a zama ɗaya, waya a kife. Wanda ya dakatar ya fi sau biyu, ko ya kalla da rana a cikin mota, ya faɗa a jikin makinsa.

Ɗan Edita:
Saura abu ɗaya, shugaba: a riƙa rubuta tsawon minti a gefen kowane suna, don wasu fina-finan kwafinsu ya fi ɗaya. The Shining na 1980 akwai mai minti 144 na Amurka, akwai mai 119 da aka saki a Turai. The Exorcist akwai na asali, akwai na 2000 da aka ƙara wa kusan minti goma. The Descent na 2005 ya fi su haɗari, don kwafin Amurka an yanke masa fitowar ƙarshe, kuma wannan yankan ya sauya ma'anar ƙarshen gaba ɗaya. Mutum biyu za su yi ta musu a kan makin washegari alhali ba abu ɗaya suka gani ba.

Mai Majigi:
An karɓa. The Descent na Ingila za mu kalla, The Shining mai 144. Makon farko: Litinin Halloween na 1978, ba na 2007 ko na 2018 ba, a duba shekarar da kyau don sunansu ɗaya. Laraba Under the Shadow da muryarsa ta Farisanci da rubutu a ƙasa. Asabar The Wailing. Ana buɗe karɓar maki ƙarfe 10 na safiyar washegari, a turo wa Anti kai tsaye ba a nan ba, don kada na farko ya ja ra'ayin na baya.

Mai Gyaran Talabijin:
In Night of the Living Dead zai shiga mako na biyu, a sanar da wuri. An sake shi a 1968 babu alamar haƙƙin mallaka a jikinsa, shi ya sa kowa ke buga shi, kuma yawancin kwafin da ke yawo dishi-dishi ne, fuska fari fat, duhu kuma baƙi ƙirin. A nemi wanda aka gyara daga asalin fim ɗin, wanda kamfanin Criterion ya fitar a 2018. Za a gane shi tun a fitowar maƙabarta ta farko: in kana iya ganin rubutun jikin duwatsun kabari da ganyen bishiyoyi dalla-dalla, shi ne.